Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Ilimi: Kalmar "Right" Ba Dama Kaɗai Take Nufi Ba

Zuwa ga masu girma kwamishinonin ilimi na jihohin Arewa, da shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya, da masu tsara manhaja, da marubuta littattafan Turanci na firamare da ƙaramar sakandare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙo, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke wuyanku.

Ni malamin Turanci ne. Na haura shekara 20 da alli a hannu a ƙaramar sakandare, da yamma kuma ina koyar da yaran unguwa a zauren gidanmu. Ina magana ne da yawun abokan aikina da muke zama muna tattauna abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, da kuma iyayen da ke tare mu a bakin masallaci suna tambaya: "Malam, yaron nan shekara tara yana zuwa boko, me ya sa har yau in aka ba shi takardar asibiti sai ya yi ta juya ta?"

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne sanarwar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya yi a watan Nuwamba na 2025, cewa an soke tsarin koyarwa da harshen uwa wanda gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2022, an mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga aji na farko. Hujjar da aka bayar ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ban zo in yi jayayya da manufar gaba ɗayanta ba, wannan fage ne na manya. Ni ma so nake yaranmu su iya Turanci, da shi nake ci. Amma tun da aka yi sanarwar, wasu shugabannin makarantu suka ɗauke ta a matsayin lasin hana ko da kalma ɗaya ta Hausa a cikin aji. To ina so in ɗauko kalma guda ta Turanci, mai harafi biyar, wadda kowane ɗan aji ɗaya ya sani, in nuna muku abin da ke faruwa da ita a hannunmu. Kalmar ita ce "right".

Wata safiya ina wucewa ta bayan tagar wani aji sai na ji dariya ta ɓarke. Malamin lissafi ne ya zana kusurwa mai digiri 90 a allo, ya ce sunanta "right angle". Ya sake zana wata, wannan karon bakinta na kallon ɗaya gefen, ya tambaya wa zai faɗi sunanta. Wani yaro siriri da ke zaune a gaba, rigarsa duk tawada, ya ɗaga hannu da ƙarfin gwiwa ya ce: "Left angle, sa." Aji ya kwashe da dariya, malamin ya ɗauka iya shege ne, ya sa shi durƙuso. Na tsaya a wurin jikina ya yi sanyi, domin ni ne na koya wa yaron nan a zangon da ya wuce cewa "right" dama ce, "left" hagu, na sa su suka yi ta maimaitawa suna ɗaga hannuwa. Yaron bai yi wauta ba. Abin da muka ba shi ya ɗauka ya yi aiki da shi yadda hankali ya nuna. Mu ne muka ba shi rabin kalma muka ce masa cikakkiya ce.

Wannan shi ne kukana na farko, kuma shi ne uwar sauran. Littattafan da kuke amincewa da su, da yadda aka horar da mu, duk sun ginu a kan kalma ɗaya, ma'ana ɗaya. A ƙarshen darasi akwai jerin kalmomi, kowace da fassararta guda ko hotonta guda, yaro ya haddace, a tambaye shi ranar Juma'a, a ba shi maki. Wannan yana yi a kan "goat" da "table". Amma kalmomin da Turanci ya fi dogara da su, waɗanda ba a yin sakin layi babu su, ba haka suke ba.

Ku ba ni dama in ɗan tsaya a kan tarihin kalmar, domin a nan maganin yake. Asalin "right" ba shi da alaƙa da hannu ko kaɗan. A tsohon Turanci, shekaru fiye da 1,000 da suka wuce, ana rubuta ta "riht", ma'anarta miƙaƙƙe, abin da bai karkace ba. Daga miƙaƙƙe aka samu daidai, daga daidai aka samu adalci, daga adalci aka samu abin da ya cancanci mutum, wato haƙƙi. Hannun dama kuwa a wancan zamani wani suna gare shi daban, mai nufin "wanda ya fi ƙarfi". Sai wajen ƙarni na 12 aka fara kiran hannun dama da "right", saboda shi ne hannun da ake ganin ya dace a yi aiki da shi. Wato ma'anar da muke koya wa yara a matsayin ta farko kuma ta ƙarshe, ita ce 'yar auta a gidan.

Kusurwar nan da ta sa yaro durƙuso, sunanta fassara ce daga Latin, inda "rectus" ke nufin miƙaƙƙe, tsayayye: layi ɗaya ya miƙe tsaye cak a kan ɗaya, bai jingina ko ta ina ba. Larabawa ma "ƙa'ima" suke ce mata, mai tsayuwa. Daga wannan saiwa ta Latin aka samu "correct" da "direct" da "rectangle", har ma da kalmomin da Hausa ta riga ta ara ta mayar nata: rula, darakta, adireshi. Haruffan "gh" da ke tsakiyar kalmar, waɗanda yara ke tambayarmu amfaninsu mu ce musu "haka Bature ya ga dama", a da ana furta su, da sauti irin na harafin "kha" na Larabci. Jamusawa har gobe suna furta shi a kalmarsu ta "Recht".

Yanzu ku gaya mini, wane ɗan Bahaushe ne zai kasa gane wannan in an faɗa masa da harshen da yake ji? Yaron da ke karanta Fatiha kullum yana roƙon a shiryar da shi hanya madaidaiciya ya riga ya san yadda miƙewa ke zama gaskiya. Ya ji ana cewa wane mutum ne miƙaƙƙe, wane kuwa karkatacce ne. Ya san in ya miƙa wa babba abu da hagu za a buge hannun, ya san da dama ake cin tuwo. Duk gadar da ke tsakanin ma'anonin "right" tana nan a kansa, an gina ta tun a gida da makarantar allo. Minti biyar na bayani da Hausa ya isa a ɗora Turancin a kai. In an hana ni minti biyar ɗin, sai in bayyana Turanci da Turancin da bai sani ba, ya gyaɗa kai, in gyaɗa kai, mu rabu kowa ya san ba a yi komai ba.

Kuma Hausa ba baƙuwar wannan hali ba ce. Ita kanta "dama" fa? Hannun dama, samun dama, mutane da dama, jiki ya yi dama-dama, ga kuma dama fura da dama kunu, ga "da ma na faɗa maka". A rubuce kusan duk kamarsu ɗaya, amma ba a taɓa jin Bahaushe ya rikice ba, domin jimla ce ke gaya masa wacce ake nufi. Duk ranar da na rubuta waɗannan a allo na ce wa yara "to haka 'right' take a wurin Bature", sai ka ga ido ya buɗe. Wannan darasi ba ya cikin littafi ko ɗaya da aka taɓa ba ni.

Kuka na biyu ya shafi titi, inda kuskure ke zama jini. Yaranmu da yawa da ba su wuce ƙaramar sakandare ba su ne ke tuƙa adaidaita sahu da acaɓa da motocin haya. A littafin dokokin hanya akwai "right of way". Na tambayi samari da dama da ke tuƙi me suka fahimta da ita, amsar da na fi samu ita ce "hanyar dama" ko "wanda ke dama shi ke wucewa". Alhali "right" a nan haƙƙi ce: wa ke da haƙƙin fara wucewa. Kuma a shataletale a Najeriya, wanda ya riga ya shiga shi ke da wannan haƙƙi, ta hagunka kuma yake zuwa. Wato wanda ya fassara kalmar da dama ya fahimci kishiyar dokar ke nan. Ban ce wannan ne ke haddasa duk karon da ake yi a shataletale ba, rashin haƙuri ya fi yawa, amma wanda ya yi niyyar bin doka ma mun ba shi ita a juye.

Dattawa za su tuna canjin hannu. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hagu irin na Ingila ta koma dama, don ta dace da maƙwabtanta, Nijar da Kamaru da Chadi da Dahomey ta wancan lokaci, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu. Ghana ta bi sahu a watan Agusta na 1974. A lokacin, da harsunan mutane aka yi ta shela a rediyo da kasuwanni, ba a tsaya cewa sai kowa ya iya Turanci ba. To daga nan aka samu wata rikitar kuma: muna tuƙi a hannun dama, amma motocinmu "left-hand drive" ne, domin sitiyarinsu na hagu. Mota "right-hand drive" ita ce ta ƙasashen da ke tuƙi a hagu, irin su Ingila da Japan. Wanda ya ga wannan rubutu a tallar mota a intanet ya ce "yawwa, irin tamu ce, mu ma dama muke bi", ya sayi wahala da kuɗinsa.

Akwai ma wata 'yar dariya da ke faruwa a mota. Direba ya tambaya: "Left?" Fasinja ya ce: "Right," yana nufin "haka ne". Direba ya karya kan mota dama. Turawan ma kansu suna faɗawa wannan rami, shi ya sa matuƙan jirgin sama ke da kalmomi na musamman na cewa "e" da "daidai ne", masu jirgin ruwa kuma suna da sunaye daban na gefen dama da na hagu. In masu harshen sun ga buƙatar yin hattara, ina ga ɗan da ya fara jin harshen yana shekara shida?

Kuka na uku shi ya fi damuna, kuma a nan ne kamannin Hausa da Turanci ke yaudara. A darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa ana karanta wa yara "You have the right to…" Yaro ya fassara a ransa "kana da dama ka…", kuma abin ya zauna daidai a kunne, har malami ya ce madalla. Amma dama da haƙƙi ba ɗaya ba ne, kowane Bahaushe ya sani. Dama ba ka ita ake yi, wanda ya ba ka yana iya janyewa, kuma godiya kake yi. Haƙƙi naka ne tun asali, wanda ya hana ka ya ɗauki alhaki. Babi na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 haƙƙoƙi ya lissafa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da haƙƙin yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, kuma dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake fahimta. Saurayin da ya tashi da tunanin cewa wannan "dama" ce, in ya tsinci kansa a bayan kanta, roƙo zai yi a taimaka masa, ba zai san cewa abin nasa ne ba. Haka yarinyar da aka karanta wa "right to education". Haka marubucin da ya ga "copyright" da "all rights reserved" a bangon littafi bai san maganar haƙƙin mallaka ake yi ba. Ranar 10 ga Disamba, 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam, masu fassara a rediyo kuma sun daɗe da daidaitawa a kan "haƙƙi" da "'yanci". Aji ne kawai aka bari a baya.

'Yan'uwanmu na Nijar suna da irin wannan ƙaya a Faransanci, har ta fi tamu tsini. "Droit" ita ce haƙƙi, ita ce ilimin shari'a da ake karanta a jami'a, ita ce miƙaƙƙe. In ka tambayi hanya a Maraɗi aka ce maka "tout droit", miƙe sak ake nufi. In aka ce "à droite", ka karya dama. Harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce. A Yamai kuma ana cewa jami'ar Abdou Moumouni tana gaɓar dama ta kogin Kwara, yawancin birnin yana gaɓar hagu. Dama da hagun wa? Na wanda ya juya fuskarsa inda ruwa ke gangarawa. Turanci ma haka yake auna "right bank". Na karanta wannan kalma a littafin labarin ƙasa ina ɗan makaranta, na ci jarrabawa da ita, ban san haka ba sai da na girma.

Maganar "damar wa" ta kai ni asibiti. Wata tsohuwar ɗalibata da ta shiga makarantar koyon aikin jinya ta zo gaishe ni, take ba ni labarin makonta na farko. An rubuta musu ƙa'idoji biyar na ba da magani: "right patient, right drug, right dose, right route, right time". Ta ce ta gane huɗu da ƙyar, amma "right route" ta ɗauka ana nufin a yi allura ta gefen dama, sai da wata ta gaba da ita ta ja ta gefe ta ce mata da Hausa: hanyar da ta dace a ba da maganin, ta baki ko ta jijiya ko ta tsoka. A rana guda kuma aka nuna musu hoton ƙirji mai harafin R a gefen da ke hagunta, aka ce wannan damar majinyaci ce ba tata ba. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, a ɗaki ɗaya, a kan jikin mutum. Ta yi sa'a ta samu mai yi mata bayani. Ba kowa ke samu ba, kuma da yawa kunya ke hana su tambaya.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. A jarrabawa ana rubuta "Choose the right answer". Na taɓa gyara takardar wata yarinya 'yar firamare da ta zaɓi duk amsoshin da ke gefen dama, daga sama har ƙasa. "Right now" da "right here" ba dama ba ce ba daidai ba ce, ƙarfafawa ce, kamar mu ce yanzu-yanzu, nan-nan. "Rt. Hon." da ake gani a fostocin kakakin majalisa, "right" ɗin ciki na nufin ƙwarai, mai girma ƙwarai. "All right" to ce, ko lafiya lau. "Right-click" a ɗakin kwamfuta ta koma hannu, maɓallin dama na linzami, kuma tun 2015 da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya babu ɗalibi mai neman shiga jami'a da zai guje wa kwamfuta. Ga "write" da ake furtawa daidai da ita. Ita ma "left" ba ta tsira ba: "He left" ya tafi, "two left" saura biyu.

Siyasa kam sai na ɗan dakata, domin yaranmu yanzu a waya suke karanta labaran duniya. In suka ga "right-wing party" ko "far right" a labarin Faransa ko Jamus, wanda ya san ƙwallo zai tuna lamba bakwai, wanda ya san "right" da ma'anar daidai zai ɗauka jam'iyyar masu gaskiya ce. Asalin abin wurin zama ne kawai. A majalisar Faransa ta 1789, lokacin juyin juya hali, magoya bayan sarki suka zauna a damar shugaban majalisa, masu neman sauyi suka zauna a hagunsa, sunan ya bi su har yau. Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa: a 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa jam'iyyu biyu, aka ce SDP ta ɗan karkata hagu, NRC ta ɗan karkata dama, su ne suka tsayar da Abiola da Bashir Tofa a zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Gidajen rediyon Hausa sun daɗe da warware wannan, suna cewa masu ra'ayin riƙau ko 'yan mazan jiya, da masu ra'ayin sauyi. Tsohon da ke sauraron rediyo a shago ya fi ɗan sakandaren da ke karanta Turancin fahimtar labarin. Wannan abin kunya ne a gare mu malamai, ba na ɓoyewa.

Af, tun da an taɓo hagu: asalin "left" a tsohon Turanci rauni take nufi, kamar yadda mu ma muke cewa bahaguwar fahimta. Harsuna da yawa sun yi wa hagu rashin adalci. Amma wannan ba hujja ba ce ta dukan bahagon yaro don ya riƙe fensir da hagu, abin da har yanzu nake gani a ƙananan azuzuwa. A koya masa ci da karɓa da dama, a bar shi ya yi rubutu da hannun da Allah ya hore masa.

Kuka na ƙarshe shi ne tarar da ake ci da bulalar da ake yi wa yaron da ya yi Hausa a makaranta. Sakamakonta ba iya Turanci ba ne, shiru ne. Yaron da bai gane ba, ba shi da Turancin da zai ce bai gane ba, an kuma hana shi faɗa da Hausa. Malamin ma tsoro yake ji kada mai duba makarantu ya leƙo ya same shi yana "vernacular". Kuma ba yau aka fara gwada wannan a ƙasar nan ba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin shekara shida a Ile-Ife, aka koyar da yaran firamare da Yarabanci, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Ni abin da nake nema bai ma kai wannan ba.

Ranku ya daɗe, ga roƙonmu.

Muna roƙon ku fitar da takardar umarni, a rubuce, zuwa ga kowane shugaban makaranta, cewa koyarwa da Turanci ba ta haramta wa malami yin bayani da harshen da yara ke ji ba, Hausa ne ko Fulfulde ko Kanuri ko Nupe ko wanne ne, sannan ya dawo kan Turancin. A rubuce muke so, domin maganar baki ba ta kare malami ranar da mai duba makarantu ya zo. A cikin takardar a soke tara da duka a kan yin harshen gida.

Ga marubuta littattafai da masu tantance su: kada a sake amincewa da littafin da ya ba kalma irin wannan ma'ana guda. Ba kalmomi dubu ba ne. A zauna a fitar da 'yan kalmomin da suka fi yawo kuma suka fi rassa, irin su "right", "left", "up", "down", "back", "over", "well", "mean", "like", a ba kowace shafinta, kowace ma'ana da jimlarta, a riƙa dawowa kansu daga aji zuwa aji ana ƙara reshe. Ɗan aji biyu ya san dama da daidai, ɗan aji biyar ya ƙara da haƙƙi da kusurwa, ɗan sakandare ya ƙara da siyasa da gaɓar kogi. Jimlolin kuma su fito daga inda yaro zai gamu da su: takardar magani, allon titi, fom ɗin banki, saƙon waya.

A sa ƙamus na Turanci zuwa Hausa a kowane aji, ko da guda uku ne, kuma a ware darasi na koyon buɗe shi. Irin waɗannan ƙamusoshi suna nan tun shekarun 1960, an kuma yi sababbi a baya-bayan nan, amma na san malaman Turanci da ba su taɓa riƙe ɗaya ba. Yawancin yaran da suka iya buɗe ƙamus ma ma'ana ta 1 suke ɗauka su rufe. Ba wanda ya gaya musu cewa lambobin da ke biye ma nasu ne.

A kwalejojin ilimi, a koya wa ɗaliban NCE yadda ake kwance kalma mai ma'anoni da yawa, da yadda ake kafa misali da harshen yaro. A makarantu kuma a sa malamin Turanci ya zauna da na lissafi da na kimiyya da na sanin haƙƙin ɗan ƙasa, sau ɗaya a farkon zango, su fitar da kalmomin da za su sauya ma'ana daga wannan aji zuwa wancan. Wannan ba ya cin ko kwabo. Da mun yi irin wannan zama ni da malamin lissafin nan, da yaron bai yi durƙuso ba.

Sannan ga masu shirya jarrabawar firamare: har zuwa aji huɗu, a rubuta "correct" a umarnin tambaya maimakon "right". In ana so a gwada ko yaro ya san ma'anonin "right", a yi tambaya a kanta ta musamman, a ba ta makinta.

In kuna son ganin abin da ido, ku turo mutum ɗaya, ba da jiniya ba, ya shiga kowace ƙaramar sakandare ya rubuta jimloli biyar a allo, kowace da "right" mai ma'ana daban, ya ce yara su faɗi abin da suka fahimta da harshen da suka ga dama. Mu a shirye muke mu ba da jimlolin, mu kuma zauna da duk kwamitin da kuka kafa.

Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya. Wassalam.

Naku,
Wani malamin Turanci, a madadin abokan aikinsa da iyayen yara.